MIT OpenCourseWare ga injiniyan da ke son komawa mastas a fiziks: abun da na samu da abun da babu

Idan maki zan ba MIT OpenCourseWare a matsayina na injiniyan lantarki da ya ajiye aiki ya koma karatun mastas a fiziks, to zan bashi huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na riƙe ba wai sun min wani laifi bane, a'a, shafin ne tun asali ba don irinmu aka tsara shi ba, kuma gurin da yafi rauni shine daidai gurin da injiniya yafi buƙatar a kama masa hannu. Mutane da yawa suna tambayata yaya nayi na cike giɓin da ke tsakanin digirina da fiziks, sai kaji wani yace ai kawai kaje ka kalli bidiyon MIT, kamar abun shikenan. Ba shikenan bane wallahi, shiyasa nace bari in zauna in rubuta shi dalla-dalla.

Ga wanda bai sanshi ba, OpenCourseWare, a taƙaice OCW, shafi ne da jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da shi a 2001, suka fara zuba kwasa-kwasai a 2002, yanzu sun haura 2,500. Kyauta ne, ba rajista, ba fasuwod, ba wanda zai tambayeka katin banki. Abun da malami ya koyar a aji shi suke ɗorawa: nots, asainmen, tsofaffin jarrabawa, wasu kuma harda bidiyon lakca. Ka lura nace wasu, don anan mutane suke ruɗewa, ba kowane kwas ne yake da bidiyo ba, masu bidiyon ma sune 'yan tsiraru. Sannan su MIT da lamba suke kiran sashe, 8 fiziks ne, 18 lissafi, 6 lantarki da kwamfuta, to in kaga 8.04 ko 18.06 kasan inda aka dosa. Da farko lambobin zasu ɗan caza maka kai amma da ka saba sai kaga yafi sauƙin nema ma.

Bari in fara da inda suka yi zarra, wato kwantum, fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi irin su elektiron. Duk injiniyan da ya gama jami'a a Najeriya ko Nijar yasan ba'a koya mana shi, iyakaci a taɓa shi sama-sama a kwas ɗin semikondakta a ce ga lebul-lebul na makamashi a wuce. A OCW kuwa akwai jerin kwas uku cikakku da bidiyo, 8.04 da 8.05 da 8.06, kuma 8.04 ɗin ma kala biyu ne, na Allan Adams na 2013 da na Barton Zwiebach na 2016. Adams mutum ne mai zafi a aji, yana zirga-zirga yana ɗaga murya, lakcarsa ta farko gaba ɗaya babu ikweshan ko ɗaya mai wahala, akwatuna kawai ya zana a allo, wani yana auna launin elektiron wani yana auna taurinsa, yana jefa elektiron a wannan ya fito ya shiga wancan, kafin ka ankara ya nuna maka cewa duk wani tunani da ka taso dashi na cewa abu ko dai yabi ta nan ko yabi ta can baya aiki. Wannan lakcar ko ba zaka yi fiziks ba ka kalleta. Zwiebach shi kuma a hankali yake, muryarsa ƙasa-ƙasa, rubutunsa a allo tsaf, baya tsallake mataki, in yace za'a nuna abu to sai an nuna shi har ƙarshe.

Ni dai ra'ayina injiniya ya ɗauki Zwiebach a matsayin babban malami, Adams kuma ya zama na ɗora sha'awa. Dalili kuwa Zwiebach da kansa injiniyan lantarki ne, a Lima ta ƙasar Peru yayi digirinsa na farko a injiniyanci kafin ya tafi Caltech yayi dakta a fiziks a hannun Murray Gell-Mann ya gama a 1983, kuma kana jin wannan a yadda yake koyarwa. Abu na farko da ya fara dashi shine cewa ikweshan ɗin kwantum liniya ne, in ka haɗa amsa biyu ka samu amsa ta uku, to wanda yayi shekaru yana lissafin sakit da ƙa'idar haɗa tushen wuta ɗaya bayan ɗaya ai nan take zai ji yana gida. Daga nan ya shiga na'urar Mach-Zehnder da madubai da hasken da ake rabawa biyu, abun da yayi kama da zanen bulok da muka saba. Nots ɗinsa ma an buga su da kyau ba rubutun hannu ba, kana iya firintin ka ɗinke ya zama littafi, daga baya ma shi kansa ya haɗa kwas ukun ya fitar da littafi a 2022.

Kuma a nan ne na gane injiniyan lantarki yana da jari fiye da yadda yake zato. Juyin Fourier da muka sha wahalarsa a kwas ɗin siginal, inda aka ce mana siginal in ya gajarce a lokaci to dole ya baje a firikwensi, shine dai ƙa'idar rashin tabbas ta Heisenberg, sai dai an canza sunayen an ƙara ħ, wato lambar Planck. Lissafin igiyar da take dawowa baya in layin tura siginal ya haɗu da lodin da bai dace da shi ba, shine lissafin elektiron da ya ci karo da matakala ta makamashi, har fomular tana kama. Bututun maikurowef da yake yarda da wasu igiyoyi kawai, shine ƙwayar da aka kulle a akwati, igiyar da take mutuwa a hankali in firikwensinta bai kai ba kuma itace sirrin yadda elektiron yake ratsa katanga. Wanda yayi kwas ɗin kontirol ya san matriks da aigenbalu shima zai ga ikweshan ɗin Schrödinger bai masa baƙunta sosai ba. OCW ba zai zauna ya nuna maka waɗannan alaƙoƙin ba don ɗaliban ajin yara ne 'yan aji biyu da basu yi injiniyanci ba, kai ne zaka dinga tsayar da bidiyo kana cewa kai, ai wannan na sanshi. Abu ɗaya da zai dameka, mu injiniyoyi j muke rubutawa a matsayin tushen -1, su 'yan fiziks i, kuma alamar lokacin a juye take, mu da ƙari su da ragi, in baka kula ba igiyarka sai ta tafi hagu ta malam tana tafiya dama ka rasa ina ka ɓata.

Yanzu ga maganar da nafi so a ji. Bidiyon nan suna da daɗi, kuma daɗin nasu shine haɗarinsu. Zaka kalli lakca ta minti 80, komai ya tafi sumul, malam ya kai ƙarshe ka gyaɗa kai kace na gane, ka danna ta gaba, a haka mutum zai cinye kwas guda cikin sati biyu yana jin shi wani ne. Kallon dambe dai baya sa hannun mutum yayi nauyi. Ranar da ka buɗe asainmen na farko ka ɗauki biro, ranar ne zaka san matsayinka na gaskiya, don tambayoyin MIT ba irin namu bane na a baka fomula ka zuba lambobi ka fitar da amsa da yunit, yawanci babu lamba ko ɗaya a ciki, ce maka za'ayi nuna cewa kaza daidai yake da kaza, ko zana yadda psi, wato igiyar da ke bayyana halin ƙwayar, zai kasance ba tare da ka warware ikweshan ba sannan ka faɗi dalili. Injiniya an horar dashi ya nemi amsa mai aiki, a nan kuma so ake ka faɗi me yasa dole amsar ta zama haka, kuma wannan canjin tunanin shine ainihin ƙaura daga injiniyanci zuwa fiziks, ba yawan fomulolin da ka haddace ba. Saboda haka darajar OCW a gurina kashi mafi girma a cikin fayilolin asainmen da tsofaffin jarrabawa take, waɗanda yawancin mutane basa ko buɗewa.

A nan Adams ya fi amfani, don kwas ɗinsa na 2013 an ɗora asainmen tare da amsoshinsu, kuma amsoshin an yi musu bayani mai tsawo. Wasu kwasa-kwasan kuwa tambayoyin kawai zaka gani babu amsa, wanda na fahimci dalili tunda malamai suna maimaita tambayoyin ga sababbin ɗalibai, amma ga mutumin da yake zaune shi kaɗai a ɗaki a Kaduna ƙarfe ɗayan dare babu wanda zai tambaya, abun da ciwo. Kayi shafi uku na lissafi ka fito da amsa, baka san ko daidai bane ko shirme ka tafka. Abun da ya taimakeni shine samun wani abokina da yake koyar da fiziks a wata kwaleji, ina ɗaukar hoton aikina in tura masa ta WhatsApp, wani lokaci ya duba wani lokaci yace shima sai yayi tunani. In zaka shiga wannan harkar ka nemi mutum ɗaya irin wannan tun kafin ka fara, ko ɗan uwanka mai irin burinka ku dinga musayar aiki, don shafin bashi da malamin da zai amsa maka, kuma sun faɗa ƙarara basa haɗa mutum da malamansu.

Kafin 8.05 ka koma kayi 18.06 na Gilbert Strang, wato kwas ɗin aljabarar liniya, ko da kana ganin ka iya matriks. Mu abun da aka koya mana shine yadda ake lissafa ditaminant da juya matriks, shi kuma Strang tunanin sarari da bekta yake koyarwa, kuma 8.05 gaba ɗayansa akan wannan aka gina shi, sifin da gwajin Stern-Gerlach da rubutun Dirac da ofareta. Tsohon nan Strang akwai iya koyarwa, kamar yana tunani ne da ƙarfi kana saurare. 8.05 ɗin shine kwas ɗin da nafi ƙaruwa dashi duk cikin shafin, ranar da na ga an warware matsalar abu mai lilo ba tare da an taɓa ikweshan na difarenshiyal ba, da ofareta biyu kawai ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka, sai da na tashi na zaga ɗaki. 8.06 kuma na 2018 ne, hanyoyin kusanta amsa in matsala taƙi warwaruwa, ƙananan layukan haidirojin, hanyar kusanta amsa ta WKB, watsuwar ƙwayoyi, wannan zaka iya barinsa sai ka shiga mastas ɗin ka dinga binsa gefe-gefe, ni haka nayi kuma yayi daidai da abun da ake mana a aji.

To yanzu inda makin ya zube. Babban ramin da ke cikin ilimin injiniya ba kwantum bane ma, makanikan Lagrange da Hamilton ne. Mu Newton muka sani, zana ƙarfi, haɗa su, F daidai da m sau a. Su kuma 'yan fiziks tun aji biyu ko uku suke barin wannan su koma rubuta makamashin motsi a cire makamashin ajiya, wato Lagranjiyan, a nemi hanyar da akshan, wato jimillar wannan bambancin a tsawon lokaci, baya canzawa, daga nan ikweshan ya faɗo da kansa, kuma duk wani abu da zaka haɗu dashi a mastas, kwantum ne, makanikan ƙididdiga ne, ka'idar fili ce, da wannan yaren ake maganarsa. Ba zaka gane me yasa ake kiran H ɗin da ke cikin ikweshan ɗin Schrödinger Hamiltoniyan ba, ko daga ina komiteta ya samo asali, sai ka san baka-bakan Poisson. A lokacin da nayi amfani da OCW, kwasa-kwasan wannan fannin wato 8.223 da 8.09 nots da asainmen ne kawai babu bidiyo. Nots ɗin Iain Stewart na 8.09 masu kyau ne ƙwarai amma sun ɗauka ka riga ka jiƙa, ba na mai farawa bane. Wato a daidai gaɓar da kake buƙatar mutum ya tsaya gaban allo yayi maka a hankali, anan aka miƙo maka takarda.

Sai da na fita waje na cike wannan. Laccocin V. Balakrishnan na IIT Madras da ke shirin NPTEL na Indiya akan fiziks na gargajiya suna YouTube, mutumin nan baya duba takarda, kuma Turancinsa yafi na Amurkawa sauƙin kamawa a kunnena. Akwai na Leonard Susskind na Stanford, su dama don manya da suka bar makaranta aka yi su, suna da sauƙin shiga amma basu da asainmen mai nauyi, kar ka tsaya a kansu kaɗai. Sai nots ɗin David Tong na Cambridge, kyauta a shafinsa, na makanika da na makanikan ƙididdiga da na lantarki da maganaɗisu, yana rubutu kamar yana hira da kai. Haɗa waɗannan da asainmen na OCW shine ya bada ma'ana.

Makanikan ƙididdiga ma kusan haka ne. Bidiyon da zaka fara cin karo dashi na Mehran Kardar ne, 8.333 na 2013, kuma kwas ne na 'yan digiri na gaba a MIT ba na masu fara koyo ba. Yana farawa da tamodainamiks sai kaji daɗi kace ai munyi wannan a aji biyu, sai ya wuce ilimin yiwuwa, kafin ka farga an shiga ka'idar motsin gas da jerin ikweshan na BBGKY da na Boltzmann, nan fa ido zai raina fata. Kardar malami ne na gaske, allonsa kamar an buga, amma in baka taɓa ganin Z ba, wato jimillar da ake kira partition function, baka san yadda ake ciro entirofi daga ƙirga hanyoyi ba, to kar ka fara da shi. Na matakin digirin farko, 8.044, shima nots da tambayoyi ne na samu ba bidiyo. Injiniyan makanikal ko na kemikal zai ɗan fi mu 'yan lantarki sauƙi a farkon, amma shima tamodainamiks ɗin injin da tebur ɗin tururi daban, wannan daban.

Lantarki da maganaɗisu ban ɓata lokaci sosai a kai ba tunda fannina ne, ikweshan ɗin Maxwell dai sune, abun da ya rage shine saba wa yadda suke haɗa shi da rilatibiti da yadda wasu littattafan suke amfani da yunit ɗin Gauss maimakon SI. 8.03 na Yen-Jie Lee akan girgiza da igiyoyi yana da kyau in kana son ɗumama jiki, yana yin gwaje-gwaje a gaban aji. Mutane zasu ce maka ka kalli Walter Lewin, tsohon malamin fiziks na MIT, to ka sani MIT ta cire bidiyoyinsa daga shafinta a Disamba 2014 bayan binciken da tayi akan ƙorafin cin zarafin wata ɗaliba ta intanet, waɗanda kake gani a YouTube wasu ne suka ɗora, kuma ko ba wannan ba yawancinsu matakin aji ɗaya ne, injiniya ya wuce nan.

Maganar data da wuta kuwa, a nan sun kyauta. Kowane kwas akwai maɓallin da zaka sauke shi gaba ɗaya a dunƙule, nots da asainmen da komai banda bidiyon, ka buɗe a laftof ba intanet. Bidiyon kuma suna YouTube, ni da datar dare nake sauke su a ƙaramin kwaliti, allon alli ne ana iya karantawa ko ba'a kai HD ba, sai dai wasu ƙananan alamomin da ke saman harafi sukan ɓace sai ka duba nots. Na Zwiebach na 2016 an yanka su gajeru-gajeru, wanda ya dace da mai aiki, kana jiran mota ko kana hutun azahar a ofis ka kalli ɗaya. Akwai rubutun abun da malam yake faɗa a ƙasa, ga wanda saurin Turancin Adams zai wahalar. Shawarata ka kai nots ɗin shagon firintin a buga maka a ɗinke, NEPA ta ɗauke ko bata ɗauke ba kana da abun karantawa da tocila, kuma lissafi a takarda yafi zama a kai. Babu talla a shafin nasu, babu mai damunka da saƙon ka sayi wani abu, iyaka wani lokaci su roƙi gudummawa.

Abun da ya kamata kowa ya sani tun kafin ya zuba watanni a ciki shine OCW baya bada satifiket, baya bada maki, ba wanda zai rubuta maka wasiƙar shaida. Ko ka gama 8.04 zuwa 8.06 kana warware tambayoyin da ido rufe, ranar da ka kai takardunka ofishin karatun gaba da digiri abun da za'a duba shine tiransikirif ɗinka, kuma a ciki B.Eng aka rubuta. Wata jami'a da na fara nema ce min akayi sai nayi PGD, wato difloma ta bayan digiri, a fiziks tukunna, shekara guda kenan ƙari da kuɗin makaranta, kuma maganar na karanta a intanet ko saurararta ba'ayi ba. Wannan ba laifin OCW bane amma dole ka saka shi a lissafinka. Inda karatun yayi min rana shine gurin intabiyu a inda na samu shiga daga baya, aka ce in je allo in rubuta Lagranjiyan na abu mai lilo in fitar da ikweshan, sannan aka tambayeni me zai faru da matakan makamashi in an faɗaɗa akwati. A nan ba'a tambayi takarda ba. In kana son wata shaida a hannu akwai jarrabawar GRE ta fiziks, wadda ake yi don neman karatun gaba da digiri musamman a Amurka, tun Satumba 2023 ta koma kwamfuta, tambaya 70 cikin awa 2, wasu jami'o'in Amurka sun daina nemanta amma ga wanda digirinsa ba fiziks ba maki mai kyau yana magana a madadinsa. Kuma ka duba wuraren da dama sun saba karɓar mutane daga fannoni daban: jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST a Abuja da aka buɗe a 2007, cibiyoyin ilimin lissafi na AIMS da Neil Turok ya fara a Afirka ta Kudu a 2003 yanzu akwai a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, sai difloma ta shekara ɗaya ta ICTP a Trieste ta Italiya, cibiyar binciken fiziks da Abdus Salam ya kafa a 1964. Kowacce ka karanta sharuɗɗanta na shekarar da kake nema da kanka.

Haka kuma babu lab. Akwai bayanin gwaje-gwajen da ɗalibansu suke yi amma karanta yadda ake auna abu ba auna shi bane. Sai dai a nan injiniya bashi da abun tsoro, mun fi yawancin 'yan fiziks sanin osiloskof da soldarin da neman inda waya ta tsinke, kuma in fannin gwaji zaka shiga wannan shine abun da zaka sayar da kanka dashi. A Zariya ma akwai CERT, cibiyar binciken makamashi ta ABU, mai riaktan nukiliya na bincike NIRR-1 da ya fara aiki a 2004, irin wuraren nan aikin na'ura da lantarki baya ƙarewa. OCW yana jan mutum zuwa ɓangaren ka'ida don nan ne malaman suka fi burgewa, sai kaga kowa yana mafarkin ka'idar sitirin, alhali ƙofar da tafi buɗewa ga injiniya tana ɓangaren semikondakta da lesa da fiziks na asibiti da na ƙarƙashin ƙasa da na nukiliya. John Bardeen injiniyan lantarki ne, yayi aikin binciken ƙasa a kamfanin mai na Gulf kafin ya koma Princeton, kuma Nobel biyun da ya ci a 1956 da 1972 akan tiranzista da wayar da ba ta da turjiya ne, abubuwan da suke kusa da inda ya fito. Dirac ma injiniyancin lantarki ya fara yi a Bristol ya gama a 1921, amma Dirac dai Dirac ne, kar mu yaudari kanmu.

Wani amfani da ban yi zato ba, shafin yana aiki a matsayin gwajin niyya kuma kyauta. Barin albashi ka koma ɗalibi ba ƙaramin abu bane, musamman in da iyali, Baba ma sai da ya tambayeni wai bayan na zama injiniya har da rajistar COREN, hukumar injiniyoyi, me kuma zan koma nema, malamin makaranta nake son zama? Kuma tambayarsa akan hanya take, don a ƙasar nan yawancin masu mastas da dakta a fiziks koyarwa suke, kuɗin kuma kowa ya sani. To kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka ɗauki 8.04 kayi asainmen ɗinsa ɗaya bayan ɗaya kana kan aikinka, bayan isha'i da ƙarshen mako. In ka kai tsakiya kaga kana ɗokin dawowa gida don tambayar da ta gagareka jiya, to da alama abun na jikinka ne. In kuma kaga bidiyon kawai kake so, labarin baƙin rami da kyanwar Schrödinger, asainmen kuma kullum sai gobe, to ka riƙe aikinka ka cigaba da kallo don nishaɗi, babu abun kunya a ciki, kuma baka yi asarar ko sisi ba sai data.

In da zan jera wa wani yadda zai bi, 18.06 da farko a gurguje, sai makanikan Lagrange da Hamilton daga Balakrishnan ko Tong yana haɗawa da tambayoyin 8.223, sannan 8.04 da 8.05, makanikan ƙididdiga daga nots ɗin Tong da 8.044, Kardar da 8.06 kuma a ajiye su sai an samu admishan. Mai aiki cikakke ya sa ran abun zai ci shekara ko fiye, kuma ya fara neman malaman da suka koyar dashi a jami'a tun yanzu don wasiƙar shaida, musamman wanda ya duba masa firojet, don waɗannan in an daɗe ba'a gaisa ba sai sun manta fuska.